Da Hausa Ta Bar Bakin Inna

Mahaifiyata ba Bahaushiya ba ce, ba kuma Babarbariya ba ce kamar dangin mahaifina. Tana 'yar yarinya aka kamo ta a wani hari da aka kai wa mutanen duwatsu, can arewa da Lafiya, tun kafin Turawa su zo. Ta bi ta hannu biyu ko uku kafin ta faɗo gidan kakana. A nan ta girma, aka sa mata sunan Musulunci. Kakana ya 'yanta ta kafin ya rasu, mahaifina kuma ya aure ta, bai ƙara wata a kanta ba. Haihuwa huɗu ta yi, ni kaɗai na tsaya. Da yake ni ce ta fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke wannan," haka take ce mini, ni kuma in ce mata Inna.

Hausar Inna irin ta kasuwar Lafiya ce, wadda kowa ke ɗauka ya ɗora a kan yaren gidansu. Ba ruwanta da namiji da mace a magana. A bakinta rana "ya faɗi", akuya "ya haihu", ni kaina in na yi ɓarna sai ta ce wa Baba, "Yarinyan nan ba ya jin magana." Ba ta wahalar da kanta da kaji ko tukwane, sai dai kaza da yawa, tukunya da yawa. Akwai kuma sautukan da suka ƙi zama a bakinta har ta tsufa. Ƙafa "kafa" ce, ɗaki kuma "daki".

Baba kuwa malami ne. Da safe ɗinkin riguna yake yi, bayan la'asar magidanta su taru a zaure yana karantar da su nahawu da gyaran karatun Alƙur'ani. Kunnensa ba ya barin komai ya wuce. Ya san inda kowane harafi ke fitowa: wannan daga can ƙasan maƙogwaro, wannan sai kan harshe ya taɓa dasashi, wannan sai leɓe ya haɗu da leɓe, wannan kuma ta hanci yake bi. Yakan sa ɗalibi mai furfura ya ɗora yatsa a maƙoshinsa don ya ji abin da ke motsi. Ina bayan zana ina saurare, har na haddace abin da yake yawan faɗa musu, cewa duk maganar duniya ba ta wuce kashi uku: sunan abu, da aikin da aka yi, da 'yan ƙananan kalmomin da ke ɗinke su.

Duk da haka bai taɓa zaunar da Inna don gyara mata magana ba, sai dai tsokana. Takan leƙo ta ce, "Malam, kana da baki."

"Ina da shi mana. Da shi nake cin tuwonki."

"Baki na ce! Suna kofar gida!"

"Au, baƙi? To ki ce baƙi."

"Ai shi na ce."

Sai ya fita yana dariya, ita kuma ta bi shi da harara tana murmushi.

Yaren da aka haife ta da shi kuwa ban taɓa jin ko kalma ɗaya ba. Ina ƙarama na taɓa tambayarta yadda ake cewa ruwa a garinsu. Ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba ta ce, "Ya tafi." Ban sake tambaya ba.

Na yi aure, mijina fataucin gishiri yake yi tsakanin Awe da Lafiya. Da cikin fari ya tsufa na dawo gida haihuwa, na sami 'ya mace. Inna ce ke yi mini wankan jego. Wata safiya cikin damina, ban kai ga arba'in ba, ta sunkuya za ta sauke tukunyar ruwan zafi daga murhu, sai na ji faɗuwa. Allah ya sa ruwan ya bi gefe bai taɓa ta ba. Na same ta kwance a ƙasa, ido a buɗe, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki kamar tsumma.

Ta yi kwanaki ba ta ce uffan ba. Baba ya yi mata rubutu, wanzami ya zo ya yi ƙaho. Ranar da ta buɗe baki ina zaune kusa da ita ina shayar da jaririya. Ta dube ni sosai ta yi magana mai tsawo, ban gane ko kalma ɗaya ba. Na ce, "Inna, me kika ce?" Ta maimaita da ƙarfi. Da ta ga ban motsa ba sai hawaye ya gangaro mata ta gefen da ya shanye.

Kafin azahar gida ya cika da matan unguwa. Kowa ya ji sai ya ja baya. Wata maƙwabciyarmu ta ce ba shakka iska ce ta shige ta a bakin murhu, ita ke magana da bakinta, a nemo 'yan bori masu girka. Baba ya jawo buzunsa ya zauna a ƙofar ɗakin har yamma, kansa a ƙasa. Da mutane suka watse ya kira ni.

Ya ce, "Wannan ba iska ba ce. Magana ce mai tsari. Ki lura, duk sanda ƙishi ya kama ta abu ɗaya take faɗa, ba ta canza shi. Yaren gidansu ne ya dawo, Hausar ce ta tafi."

Haka kuwa abin yake. In muka yi mata magana takan yamutsa fuska kamar mai sauraron kira daga ƙetaren kogi, wani lokaci ta kama, wani lokaci ya wuce ta. Fatiha kaɗai ta rage mata cif, tana karanta ta daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Bayan ita babu kalmar da muka haɗa da Inna.

Baba ya shiga neman mai jin yaren. Duk ranar kasuwa sai ya dawo da wani. Ya kawo wata 'yar ƙabilar Alago mai sayar da doya, ya kawo Migili, ya kawo Gwandara. Mutumin da bai taɓa barin namiji baligi ya wuce zaurensa ba, shi ne ya shigo da wani Tibi mai sayar da riɗi har ƙofar ɗakin matarsa. Kowa ya saurara ya girgiza kai. Wata tsohuwa 'yar Eggon mai kawo itace ce kaɗai ta daɗe a tsugune. Ta ce ta tsinci kalma biyu ko uku masu kama da nasu, sauran kuma kamar hirar maƙwabta ce ta bayan katanga, kana jin muryar ba ka jin zancen. Ta ce masu wannan bakin suna can gaba da duwatsunsu, ita ba ta taɓa zuwa ba.

Daga ranar Baba ya sallami ɗalibansa na la'asar, ya ce sai hali ya yi. Ya dawo da ɗinkinsa gefen tabarmar Inna. Sai ya ɗaga abu ya nuna mata, ya jira. Da farko kallonsa kawai take yi kamar wanda ya zautu. Rannan ya ɗaga ƙoƙon da nake ba ta kunu, ta ce, "Kugben."

A tsakiyar kalmar nan akwai wani sauti da ya tsaya wa Baba a wuya. Ya ce "kuben", ta rufe ido. Ya ce "kugen", ta kawar da kai. Ya sa ni in zuba wa leɓɓanta ido, shi kuma ya ɗora yatsunsa a maƙoshinta a hankali, ya roƙe ta da hannu ta sake faɗa. Ta faɗa har ta gaji. Can ya ce, "Na gano. Ba a wuri ɗaya ake yin sa ba. Leɓe yana rufe, bayan harshe ma yana rufe, sai a sake su tare." Ya ɗauko allo zai rubuta, ya riƙe alƙalami ya kasa, don babu harafin da zai ɗauki sautin a cikin duk waɗanda ya sani. Ya mayar da allon ya jingine.

Ganowa daban, iyawa daban. Ya yi ta fama, yana ɗinki yana "gba, gba, gba" shi kaɗai, har yaran maƙwabta suka fara kwaikwayonsa ta bayan danga. Ranar da sautin ya fita daidai, Inna ta yi dariya da rabin bakinta. Ita ce dariyarta ta farko tun da ta faɗi. Baba ya dubi ƙasa yana gyara zaren da ba abin da ya same shi.

Bayan wannan abu ya fara buɗewa kaɗan kaɗan. Ya haɗa ƙoƙuna uku ya nuna mata, ta ce, "Agben." Ya yi ta juya kalmomin biyu a baki, sannan ya ce mini, "Kin gani? Mu a wutsiyar kalma muke nuna yawa, mu ce ƙoƙo, ƙoƙuna. Su a goshinta suke nunawa." Ya gwada da wasu abubuwan, ya ga haka ne. Wata rana kuma ya lura kalmar da take nuna jaririyata da ita, ita ce dai take nuna shi da ita. Ya gwada da zakara da kaza, duk ɗaya. Sai ya ce, "Tun muna yara nake tsammanin kuskure take yi in ta ce rana ya faɗi. Ashe su ba su raba namiji da mace a magana. Ƙa'idar gidansu take bi."

Kafin damina ta ja baya mun iya abin da zai ishe mu jinya: ruwa, abinci, barci, zafi, sanyi, zo, bari. Ni ma na iya, amma Baba ya fi ni nisa. Yakan haɗa kalma uku ko huɗu ya faɗa mata, ta gyara masa da tsaki, irin tsakin da take yi mini in na zuba gishiri ya yi yawa. Ban taɓa ganinsu suna zama tare da rana tsaka kamar wannan lokacin ba.

Sai dai akwai magana ɗaya da ta gagare mu. Takan faɗe ta ba don an tambaye ta komai ba, wani lokaci tana kallon rufin ɗaki, wani lokaci ta kama hannun rigar Baba da hannunta mai lafiya. "Ma ye nkpa." Baba ya rarraba ta gida uku kamar yadda yake yi wa ɗalibansa. Ya ce ta farkon ita ce "ni", don da ita take farawa in za ta ce tana jin ƙishi. Ta ƙarshen ɗaki ne ko gida, don ita take faɗa in za mu ɗauke ta daga rana mu mayar ciki. Ta tsakiyar kuwa aiki ce, amma wane aiki? Sunan abu ka iya ɗaga shi ka nuna, aikin da ke cikin ran mutum ba ya ɗaguwa. Ya ɗauki tsintsiya ya share ɗakin, ta girgiza kai. Ya nuna inda rufi ke yoyo, ta girgiza kai. Ya fita ya shigo, ya sake fita ya shigo, sai ta rufe ido don gajiya.

Da aka fara cin sabuwar doya jikinta ya ƙara sanyi. Ta rage cin abinci, ta rage magana, amma wannan ɗayar ba ta bar ta ba. Ta rasu da hantsi, ina tsakar gida ina daka mata gero. Baba ne a wurinta. Ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ina ganin fuskarsa na ajiye taɓarya.

Na koma ɗakina bayan an yi sadakar arba'in, amma kullum ina aika masa abinci, in na samu sarari in leƙa.

A ranin da ya biyo baya aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ya iso kusa da Lafiya. An tattaro leburori daga ƙasashe da yawa, suka yi bukkoki a bayan gari. Mijina yana kai musu gishiri. Wata rana ya dawo yana haki, ya ce ya ji wasu mutum biyu suna musu a kan ƙoƙunan awo, ɗaya ya ce "agben". Ya ji kalmar a bakina sau da yawa, shi ya sa ta tsaya masa.

Washegari ya kai ɗaya daga cikinsu wurin Baba, aka aiko na zo. Magidanci ne mai tsage a kumatu, ya yi dako a wuraren haƙar kuza, don haka yana jin Hausa gwargwado. Na zauna a bayan ƙofar zaure da goyona. Baba ya fara jero masa kalmomin da ya sani. Mutumin ya ajiye ruwan da aka ba shi, ya ce, "Malam, wa ya ba ka bakinmu?"

Baba ya gaya masa a taƙaice. Sannan ya gyara zama ya ce, "Akwai magana ɗaya da nake so ka fassara mini. Ma ye nkpa."

Mutumin ya ce, "Sake faɗa."

Baba ya sake.

Mutumin ya sosa ƙeya. "Malam, maganan nan biyu ne. In muryanka ya hau sama a farko," ya faɗe ta da murya a ɗage, "shi ne, na iso gida. In ya sauka ƙasa," ya sake faɗa da murya a sauke, "shi ne, a bar ni in je gida. Kai naka yana tsakiya. Wanne ta faɗa?"

Ba sai an yi wa Baba dogon bayani ba. Ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Mu ma muna da shi. In ka ce ta zo, ka ja ka ɗaga murya, ta riga ta iso. In ka datse ka sauke, kiranta ake yi." Shi da ya bi diddigin leɓe da harshe da maƙogwaro, hawa da saukar murya ne bai kafa wa kunne ba, don ya ɗauka rauni ne na mai ciwo.

Ya juyo wajen ƙofa ya ce, "Ke, kin ji. Yaya take faɗa?"

Na ce, "Sama ne, Baba."

Ya ce, "Ni ƙasa nake ji."

Na ce wa mutumin ya sake faɗar duka biyun. Ya faɗa. Na rufe ido ina neman muryar Inna. Wata da watanni ina jin maganar nan safe da yamma, amma da ya faɗi ta farko sai na ji ita ce, da ya faɗi ta biyu ma sai na ji ita ce. Bakinta a karkace yake, numfashinta gajere, muryar takan karye a tsakiya. Na sake cewa sama ne. Baba bai yi musu da ni ba, bai kuma yarda ba.

Ya tambayi mutumin inda garinsu yake. Da wa'adin aikinsu ya cika za su koma, Baba ya ce zai bi su. Dangi suka taru suka hana, suka ce ga tsufa ga ciwon gwiwa, kuma me zai samo? Ya ce ko ba komai zai gaya wa mutanenta inda ta kwanta. Mijina ya bar fataucinsa ya ɗaura masa shimfiɗa a kan jaki, suka tafi tare.

Sun dawo gab da faɗuwar ruwan farko. Baba ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Sai da ya huta sannan ya ba ni labari, muna zaune a zaure mu biyu.

Ya ce tsohon garin yana bisa dutse, ba kowa a cikinsa sai tsofaffin duwatsun niƙa da ciyawa, mutanen sun sauko ƙasa sun yi sabon zama. Sun karɓe shi da mutunci. Dattawa suka taru a gindin bishiya, ya faɗi abin da ya kawo shi. Suka tambaye shi sunan yarinyar da aka kama. Ya faɗi sunan da ya san ta da shi, suka ce ba wannan ba, na gida. Suka tambayi sunan ubanta, ko na unguwarsu. Ba shi da ko ɗaya. A shekarun nan an kwashi yara da yawa, kusan kowane gida da nasa. Tsofaffin mata suka matso, kowace tana kiran sunan wadda ta rasa, ƙanwa ko 'ya ko ƙawa, tana duban fuskarsa ko zai ce ita ce. Ya ce ya saurari sunayen nan duka, bai san wanda zai ɗauka ba.

Sai wata tsohuwa ta ce ya faɗi duk abin da ya iya na yarensu, ko za a gane bakin wane gida ne. Ya fara. Da ya zo kan abinci da barci sai yara suka fashe da dariya, manya ma suka kasa daurewa. Tsohuwar ta daka musu tsawa. Ta sa aka gaya masa cewa ba raini ba ne. Kalmomin da yake faɗa na ƙananan yara ne, irin waɗanda uwa ke lallashin ɗa da su, da na 'yan mata a wurin wasa. Babba ba ya faɗarsu. Wadda ta koya masa ba ta kai ga koyon maganar manya ba aka ɗauke ta.

Da ya kawo nan sai na ga hawaye a fuskarsa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da aka fita da Inna, sai a wannan zaman. Bai share ba.

Sun ba shi acca a ɗan buhun kaba, guzurin baƙo. Ban san yadda su ke dafa ta ba, sai na yi masa fate da ita. Ya ci kaɗan ya ce ta yi daɗi.

Ya koma ɗinkinsa, amma bai koma karantarwa ba. Ɗalibansa sun zo sun roƙe shi ba sau ɗaya ba, ya ce su yi haƙuri, kunnensa ya gaji, ya tura su wurin wani malami a unguwar kasuwa. A damina ta biyu bayan tafiyar ya kwanta ciwon ƙirji, bai tashi ba. Na so a sa shi kusa da Inna, amma gefen nan na maƙabarta ya riga ya cika, sai aka kai shi can ƙasa wajen bishiyoyin ɗorawa.